Haruffa Masu Ƙugiya da Idon Malam

Ya kamata in faɗa tun farko cewa ban rubuta komai ba a lokacin da abin nan yake faruwa. Duk abin da zan kawo daga kaina na ɗebo shi, kuma kaina yana da halin haɗa rana biyu ta zama ɗaya, ko ya ɗauki maganar wani ya sa a bakin wani. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda nake shakka, kuma wuraren ba kaɗan ba ne, zan nuna.

Da na gama jami'a da bautar ƙasa na dawo gida 'Yargoje, na zauna jiran aikin da bai zo ba. Wani Alhaji, abokin mahaifina, yana da shagon buga takardu a cikin Ƙanƙara: tsohuwar kwamfuta, firinta, injin fotokwafi, da janareta mai taurin kai. Ya ce in zo in riƙa taya shi kafin Allah ya kawo wani abu. Aikinmu katin ɗaurin aure ne, da takardar neman aiki, da kalandar masu saukar Alƙur'ani, da fostar 'yan takara in lokacinsu ya zo. Alhaji mutum ne mai saurin yanke magana. Ni kuwa kati guda sai in yi ta karanta shi har mai shi ya gaji da tsayuwa. Alhaji yakan ce da ni ne ladan, ba zan kira magariba ba sai na aika an dubo mani ko rana ta faɗi a garin Sabuwa ma.

A shagon nan na kamu da son wani abin da ban taɓa sanin yana da masu yin shi ba, wato zubin haruffa. Harafi guda, a ce "a", ana iya samun shi mai ƙiba ko siriri, mai ƙafa ko maras ƙafa, mai faɗin ciki ko matsattse. Da can na ɗauka kwamfuta ce take zuwa da su haka nan, kamar yadda kaza take zuwa da gashinta. Ashe mutane ne suke zama su zana su ɗaya bayan ɗaya, su auna tazarar da za ta shiga tsakanin wannan da wancan, har sai sun tada cikakken zubi. Akwai wata mujallar Turanci a intanet da ba ta maganar komai sai wannan sana'a, kuma tana da shafin da take kawo sababbin zubin da aka fitar. In an ɗauke wuta, Alhaji kuma bai ga dalilin tada janareta ba, sai in buɗe ta a waya in yi ta kallo. Ba duk abin da suke faɗa nake ganewa ba. Alhaji yakan leƙo ya ce, "Yau kuma mi suka ce? B ta haihu?"

Ana cikin damina wata mata ta shigo shagon da kundin takardu a cikin leda. Sai da ta gaishe ni da sunan da ake kirana a gida sannan na gane ta. Ɗiyar tsohon hedimastanmu ce, ita ma malamar firamare, ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya. Mahaifinta, wanda kowa ke kira Malam, ya koyar a Damari shekaru masu yawa, sannan aka maido shi garinmu, da ya yi ritaya ya koma gida Sheme. Tun yana aiki yake tara kalmomin noma: sunayen iri, da na ciyayi, da na kowane aikin gona tun daga sassabe har zuba hatsi a rumbu. Wasu a bakin iyayen ɗalibanshi ya ji su, wasu a wurin tsofaffin manoman Maguzawa da ya yi maƙwabtaka da su a can wajen Damari. Shi ne ya mai da su littafi.

Da na buɗe kundin na ga rubutun Malam ne a farko, wanda na sani tun a allon aji. Amma ina ƙara buɗawa haruffan suna ƙara girma, layin yana karkacewa, har aka zo inda rubutun ya koma na Yaya. Ta ce hawan jinin ido ne ya kama shi. Likita ya gaya masu ba yanar ido ba ce da za a cire. Abin da ya tafi ya tafi, magani sai dai ya rage mashi sauri. Idon hagu ya riga ya rufe. Na dama yana gani, amma kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Ta ce, "Ba sayarwa ce ta dame shi ba. So yake ya karanta shi a buge, da idonshi, tun yana iyawa. Don Allah ƙanena, kada abin ya kwana a hannunka."

Na ce in sha Allahu. Ina jin Alhaji ya yi tari a bayan injin fotokwafi, amma ba zan rantse ba.

Bugawar ba ta ba ni wahala ba. Na zaɓi zubi mafi kauri da baƙi a cikin waɗanda muke da su, irin wanda muke sa wa fosta, na ƙara mashi girma. Na fitar da bango da 'yan shafukan farko don gwaji, na shiga mota zuwa Sheme. Hanyar ta garinmu take bi, kuma duk wanda ya san ta ya san ba a kama ta sai an tambayi direbobi a tasha yadda ta kwana. Da hantsi na isa. Na tarar da Malam a ƙofar zaure, inda rana take sauka sosai, shi da wani tsoho maƙwabcinshi da suke hira kullum. Ya gane muryata kafin in gama sallama. Bayan gaisuwa ya karɓi takardun, ya kawo bangon kusa da fuskarshi, ya karanta sunan littafin da nashi sunan ba gargada. Sai ya gangara layin ƙasa, inda na rubuta wurin da aka buga.

"An buga a... an ara." Ya ɗago kai. "Kai ɗan nan, mi aka ara?"

Na karɓi takardar na duba. Ni a idona Ƙanƙara ce a rubuce. Sai da na nisanta ta, na ɗan runtse ido, sannan na ga abin da ya gani. Zubin nan mai kauri ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Wanda ya zana shi bai san da su ba. Ita kuwa kwamfuta in ta nemi harafi ta rasa ba ta faɗa maka, sai ta ɗauko shi daga wani zubin ta cusa. Wanda ta ɗauko siriri ne kamar tsinke a tsakanin turame. Mai lafiyar ido yana wucewa bai lura ba. A idon Malam kuwa Ƙ ta farko da ƙ ta tsakiya duk sun ɓace, abin da ya rage shi ne "an ara".

Na yi mashi bayani ina inda-inda, na ce kwamfutar ce ta aro haruffan daga wani wuri. Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Ya ce to ashe daidai ya karanta, kuma yaron da ya koya wa karatu ya kawo mashi littafi da kayan aro. Maƙwabcin ya ce ai gara a mai da wa masu shi kafin su biyo sahu.

Yaya, da ta fito da ruwa, ta ce ko a bar ƙugiyoyin gaba ɗaya, a sa k da d da b zalla, tunda a saƙon waya ba mai sa su kuma ana ganewa. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce mai karanta saƙon waya ya riga ya san kalmar, bakinshi ne yake sa mata ƙugiya. Wannan littafi kuwa don wanda bai taɓa jin kalmar ba aka yi shi. In aka rubuta huda a wurin huɗa, yaron da ya tashi a birni zai ɗauka gona ake hudawa kamar kunne. In aka cire wa takanɗa ƙugiyarta, haka zai riƙa faɗinta har ya koya wa 'ya'yanshi. Daga nan ya miƙo mani takardun ya ce in je in gyara, yana nan.

Kalmar "yana nan" ita ta hana ni sakewa a mota.

Na gwada duk zubin da ke cikin kwamfutar shagon. Akwai masu ƙugiya, ba zan ce babu ba, amma ƙugiyar ƙarama ce, an lanƙwasa ta kamar ana jin kunyarta. Yaya ta biyo ta karɓi gwaji ta kai mashi, ta bugo waya ta ce d da ɗ duk ɗaya suke a wurinshi. Alhaji ya ce a zamanin tafireta ba wanda ya tsaya wannan dogon tunani: a buga k, a ɗauki biro a yi mata ƙugiya da hannu. Na gwada. Layin biro a jikin harafi mai kauri ya zama siriri, matsalar farko ta dawo. Da na sa alƙalamin maka mai kauri sai tawadar ta huda takardar ta ɓata bayan shafin. Na ɓata takardu da yawa a kwanakin nan, Alhaji bai ce mani komai ba a kan su, kuma ina sane da hakan.

Wata rana da azahar, ba wuta, na buɗe mujallar nan don in huta da tunani. A shafin sababbin fitowa sai ga labarin wani zubi da aka zana musamman don masu raunin gani, kuma an ce an sa mashi haruffan harsunan Afirka da dama. A cikin hoton samfurin da suka sa, tsakanin kalmomin harsunan da ban sani ba, na ga ƙ tsaye da kaurinta daidai da na 'yan'uwanta, ƙugiyarta a buɗe kamar ta lauje. Na daɗe ina kallon ta. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba, sai dai in ce kamar ka shiga tashar garin da ba ka san kowa ba ka ji an kira sunan unguwarku.

Wata mata ce ta zana shi, a wata ƙasa mai nisa. Mujallar ta ce zubin kyauta ne, amma na gwaji ne tukuna, kuma mai shi tana roƙon masu harsunan su gaya mata inda ta kuskure. Sabis ya yi ta yankewa kafin ya sauka. Da wuta ta dawo na juya littafin gaba ɗaya zuwa sabon zubin, na fitar da shafukan farko, na sake kama hanyar Sheme.

Wannan karon Malam ya karanta Ƙanƙara da ƙ ɗinta biyu, ya ce garin ya dawo hannun masu shi. Ya buɗe tsakiya ya karanta huɗa, ya karanta ɓawo, ya karanta ƙaiƙayi, yana gyaɗa kai. Na fara jin numfashina yana sauka. Sai ya koma shafin farko, inda ya sadaukar da littafin, ya tsaya. Ya matso da takardar, ya nisanta ta, ya juya ta wajen rana. Ya ce akwai wani harafi nan da ya ɗauko gammo, bai san shi ba.

Kalmar ita ce "ɗiyata". Ƙugiyar ɗ tana lanƙwasowa ne ta dama, ɗigon i kuma yana zaune daidai inda take sauka. A zubi mai kauri sai suka haɗe suka zama dunƙule guda baƙi a saman kalmar. Da na duba sauran shafukan na ga haka abin yake a duk inda ɗ ta gamu da i: faɗi, daɗi, ɗiba, ɗigo. A sauran wurare kuwa ba abin da za a ce.

Na gwada sa tazara a tsakaninsu, sai kalmar ta rabe biyu, wanda ga mai gani ta bututu ya fi muni. Daga baya na gano akwai hanyar matsar da harafi kaɗan ba tare da an raba kalma ba, amma a lokacin ban san ta ba, kuma ba wanda zan tambaya. Abin da ya rage shi ne in rubuta wa matar da ta zana zubin. Na rubuta saƙon na goge ya fi a ƙirga. Ina tsoron Turancina, ina tsoron kada ta ga rashin kunya ce mutum ya karɓi abu kyauta ya dawo da ƙorafi, ina kuma tsoron kada laifin na firintarmu ne. A ƙarshe na ɗauki hoton shafin, na ɗauki hoton rubutun Malam na hannu daga wurin da haruffanshi suka yi girma, inda yake ɗaga ƙugiyar ɗ sama ya bar wa ɗigon wuri a ƙarƙashinta. Na ba da haƙuri a farkon saƙon da ƙarshenshi, na tura.

Ta amsa, kuma da mutunci. Ta ce ba ta jin Hausa, ta gwada harafin da wasu wasula amma wannan haɗuwar ta wuce ta a zubi mai kauri. Ta ce rubutun Malam ya nuna mata abin da take nema, ta roƙi in turo mata ƙarin kalmomi masu irin wannan gamo, na tura. Sai dai ta ce ita kaɗai take aikin, a bayan wani aikin da take ci da shi, don haka ba za ta iya yanka mani rana ba.

Nan na tsaya. A ganina ba daidai ba ne in kai wa Malam littafin da na san yana da aibi a kusan kowane shafi, alhali gyara yana hanya. Kullum da safe in duba waya, ba saƙo, in ce gobe. Gero ya yi kai, aka fara cin sabuwar masara, ina cewa gobe. Yaya ta bugo ta ce bututun yana ƙara matsewa, yanzu in mutum ya tsaya gabanshi sai ya zaɓi ko ido zai kalla ko baki. Na ce mata ana nan ana ƙoƙari. Ta ce to. Ba ta ƙara kira ba, kuma wannan ya fi kiran nauyi.

Wata safiya na iso shago na tarar da janareta tana aiki tun kafin lokacinta, firinta da zafi, ga littafin Malam a kan tebur, an buga shi cif, an ɗinke, an sa mashi bango mai kauri. Alhaji yana goge hannu da tsumma.

Na ce, "Alhaji, ai ba a gama gyaran ba."

Ya ce, "Na sani. Ɗauki ka tafi, ga mota can tana lodi."

Na fara kawo mashi bayanin ƙugiya da ɗigo, ya katse ni. Ya ce shi bai yi jami'a ba, amma ya san abin da aka ce mana ranar da aka kawo aikin. Ba a ce mu fitar da littafin da ba shi da aibi ba, an ce mutumin yana so ya karanta. In matar ta aiko da gyara, takarda ba ta ƙare a duniya ba, sai a sake bugawa. Idon ne ba a sake bugawa.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, har na zauna a mota ina tsara amsoshin da ya kamata in ba shi. Kafin mu wuce garinmu amsoshin sun ƙare.

Malam ya karɓi littafin da hannu biyu, ya auna nauyinshi, ya shinshina shi. Na gaya mashi gammon yana nan, ban samu cire shi ba. Ya ce ba komai, tunda yanzu ya san mai ɗauke da shi. Duk inda ya ga gammo ya san ɗ ce da i. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba ke nan a duk kwanakin da na yi ina jira.

Sauran labarin karatun daga bakin Yaya na ji shi, don ta koma kirana. Kullum in hantsi ya yi sai a shimfiɗa mashi tabarma a ƙofar zaure, ya karanta da ƙarfi, maƙwabcin yana saurare yana gardama a kan ko a Damari haka ake faɗin kaza. In idon ya fara ruwa sai ya sa tsinke a shafin ya rufe. Wata rana shafi guda, wata rana fiye. Ya kamo mani kurakuran bugu da dama, ya ce a gaya mani, Yaya ta riƙa karanto mani su ta waya tana dariya. Kafin a fara yankan dawa ya kai shafin ƙarshe. Ta ce ranar ya sa an kira mashi mai shayi ya sayi na kowa da ke wurin.

Shafi guda ne ya ƙi karantawa, na sadaukarwar. Yaya ta ce in ya buɗe littafin sai ya tsallake shi. Da ta tambaye shi dalili, sai ya ce ba zai karanta ɗiyarshi da gammo a ka ba, kayan da ta ɗauka a gidan nan sun isa. Ta faɗa mani wannan a matsayin abin dariya, amma muryarta ba ta yi dariyar ba.

Ana tsakiyar kaka saƙon matar ya zo da sabon zubin. Ta ɗaga ƙugiyar ta buɗe ta, ta ɗan janye i gefe, ɗigon ya zauna shi kaɗai da fili kewaye da shi. Ta ce in duba in gaya mata ko ya yi. Wannan karon ban tsaya duba littafin gaba ɗaya ba. Na kira Yaya, ta ce gaskiya yanzu ko rubutun littafin ya yi mashi ƙanƙanta. Sai na ɗauki shafin sadaukarwar shi kaɗai, na buɗa haruffan har kalma ɗaya ko biyu suka cika layi, na buga a takarda mafi fari da muke da ita. Alhaji ya ga ina naɗe ta, ya miƙo mani leda.

Na same su a wurin da na saba samun su. Malam ya rame kaɗan, kuma da na yi sallama sai ya juyo da kunne, ba da ido ba. Yaya ta fito ta tsaya a bakin zaure. Na ɗora mashi takardar a cinya, ya ɗaga ta, ya yi ta neman inda rubutun yake, yana yawo da ita a hankali gaban fuskarshi har ya kamo farkon layi. Ya sa yatsa. Ya daɗe a kan kalmar farko, ya fi daɗewa a kan ta biyu. Maƙwabcin ya buɗe baki zai taimaka, Yaya ta girgiza mashi kai.

"Ga ɗiyata," in ji Malam, "wadda ta ara mani hannunta da nawa ya ɓace hanya."

Ya mai da yatsan baya, ya tsaya a saman kalma ta biyu, ya ce ɗigon ya samu wurin zama. Yaya ta ce bari ta kawo ruwa, ta shige ciki, alhali ga ruwa nan a gabanmu ba wanda ya taɓa.

A nan ne shakkata mafi girma take, kuma gara in faɗe ta da kaina. Malam ne ya tsara wannan jimla, ya san ta kamar sunanshi. Na kuma riga na gaya wa Yaya ta waya cewa an raba ƙugiyar da ɗigon, mai yiwuwa ta gaya mashi. Saboda haka ba ni da hujjar da zan ce karantawa ya yi ba tunawa ba. Abin da na gani shi ne yatsanshi ya sauka daidai kan ɗigon, ba gefenshi ba. Amma ni ne mutumin da ya fi kowa son ya ga hakan a wurin, kuma na san yadda so yake gyara wa ido abin da ya gani. Ban tambaye shi ba, ba kuma zan tambaye shi ba.

Daga baya mun sake buga littafin da gyararren zubin da gyare-gyaren Malam, aka kai wasu makarantun da ya koyar. Shi bai ga wannan bugun ba, ya dai riƙe shi. Mujallar ta kawo labarin fitowar zubin a kammale, har matar ta ambaci wani tsohon malami a arewacin Nijeriya da rubutun hannunshi ya gyara mata harafi. Ta so ta sa sunana, na roƙe ta ta bari, don ban ga abin da na yi ba ban da aika hoto a makare. Na fassara wa Malam wurin, ya ce a gaishe ta, a kuma gaya mata ɓ ɗinta ta fi ta kowa kyau. Na isar.

Ina yi wa matar nan godiya, ita da ta zauna a inda ba a jin harshenmu ta ɓata lokacinta a kan ƙugiya guda. Ina yi wa masu mujallar, da ba su san akwai mai karanta su a shagon fotokwafi a Ƙanƙara ba. Ina yi wa Yaya, da ba ta taɓa ɗaga mani murya ba ko a lokacin da na cancanta. Amma in aka ce in ware mutum guda, Alhaji zan ware, saboda safiyar da ya tada janareta bai shawarce ni ba. Da ya biye mani, shafi guda kawai Malam zai samu, shi ma ina shakkarshi.

Waɗanda suka ga abin nan suna raye, kuma na san ba a komai za mu yi daidai ba. Alhaji ya riga ya ce mani shi bai buga littafin a bayan idona ba, wai ya gaya mani tun jajibiri, ni ne hankalina yana kan waya. Yana iya yiwuwa. Ban kuma tabbata ko maganar mai da kayan aro maƙwabcin ne ya yi ta ko Yaya ba. Duk wanda ya san wani wuri da na karkace, ko ya ji karatun Malam a ƙofar zaure a ranakun da ba na nan, ina roƙon ya aiko mani ko ya biyo ta shagon ya faɗa mani, zan gyara. Musamman Baba maƙwabci, wanda ya fi ni kusa da takardar a ranar ƙarshe: in ya ga inda yatsan ya sauka, ina so in ji, ko da ba abin da nake fata ba ne.